Kekuna a Kufan Masu Haƙar Zinariya

Wanda ya buɗe taswirar Amurka yana neman hanya daga garin Astoria, a bakin tekun Fasifik, zuwa Yorktown, kusa da tekun Atlantika, zai ga tafiyar mota tsakaninsu ba ta wuce kilomita 5,000 ba. Amma akwai wata hanya da ta haɗa garuruwan nan biyu wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 6,800, an kuwa shata ta ne musamman domin masu keke. Sunanta TransAmerica Trail. Ta ratsa jihohi 10, tana kauce wa manyan birane kamar mai gudun wanda ke binsa bashi, tana kurɗawa ta kwaruruka da mashigan tsaunuka, tana bi ta garuruwan da a yau wasunsu ba su tara mutum 300 ba, alhali a da dubbai ne ke kwana a cikinsu.

Mutum huɗu ne suka haifi wannan hanya, miji da mata biyu-biyu: Greg da June Siple, da kuma Dan da Lys Burden. Sai dai su a takarda suka shata ta. Waɗanda suka fasa duwatsun, suka kafa da yawa daga garuruwan, suka share turbar da aka zuba wa kwalta daga baya, masu neman zinariya ne da azurfa da dalma da kwal, waɗanda akasarinsu sun ƙaura ko sun rasu tun kafin a haifi ma'auratan. Ma'adinai ne suka ja hanya zuwa wuraren da noma ko kasuwanci ba za su kai ta ba. Da arzikin ƙasa ya ƙare, jama'a suka watse, motoci suka koma wasu hanyoyin, sai aka bar kwalta shiru da ƙananan garuruwa jere a kanta. Abin da ya karya garuruwan shi ne ya sa hanyar ta dace da keke.

Daga Alaska zuwa Ajantina

Greg Siple ɗan birnin Columbus ne a jihar Ohio. A 1962, yana matashi, shi da mahaifinsa Charles suka hau keke daga Columbus zuwa Portsmouth suka dawo cikin kwana biyu, tafiyar kusan kilomita 340 ta kwarin kogin Scioto. Wannan fita ta uba da ɗa ta zama taron shekara-shekara, har ta kai dubban mahaya ke halarta. A cikin wannan zumunci na masu keken Columbus ne mutum huɗun suka shaƙu, kuma a nan aka ƙulla shawarar da ta fi ƙarfin aljihunsu: su hau keke daga arewacin nahiyar Amurka har ƙarshen kudancinta.

Ranar 16 ga Yuni 1972 suka tashi daga Anchorage a Alaska. Sun kira tafiyar Hemistour, wato zagayen rabin duniya. A lokacin yawancin hanyoyin arewa mai nisa tsakuwa ce da laka, kuma tsakanin gari da gari akan yi yini ba a ga shago ba. Kowa ya ɗaure tantinsa da tukunyarsa da kayan faci a jikin kekensa. Suka ratsa yammacin Kanada suka gangaro Missoula a jihar Montana, tafiyar kusan kilomita 5,000. Mujallar National Geographic ta buga labarin wannan zango a fitowarta ta watan Mayu 1973, abin da ya sa sunansu ya shiga gidajen da ba a taɓa jin cewa keke na iya ƙetare ƙasa ba.

A kan hanyar ne Greg ya kawo wata shawara. Shekarar 1976 na ƙaratowa, lokacin da Amurka za ta cika shekara 200 da shelar 'yancin kai. Me zai hana a gayyaci jama'a su ƙetare ƙasar a kan keke, daga teku zuwa teku? Da ayarin ya shiga Meziko, June ta raɗa wa shirin suna Bikecentennial, ta gwama kalmar keke da ta bikin cikar shekara 200.

Meziko kuma ita ce ta raba su. Ciwon hanta ya kama Dan Burden a 1973, tilas shi da Lys suka haƙura da sauran tafiyar suka koma Missoula. Greg da June suka nausa kudu, ta Amurka ta Tsakiya da ƙasashen tsaunukan Andes, har suka isa Ushuaia a ƙarshen Ajantina ranar 25 ga Fabrairu 1975, bayan mil 18,272, wato kimanin kilomita 29,400. June ta zama mace ta farko da ta hau keke daga Alaska zuwa Ajantina. Rashin lafiyar Dan kuwa ta zama sanadin aikin: yayin da ma'aurata ɗaya ke taka feda a kudu, ɗaya ma'auratan na Missoula suna rubuta wasiƙu, suna neman tallafi, suna shimfiɗa taswirori a ƙasa.

Zamanin ma ya taimake su. A farkon shekarun 1970 Amurkawa sun rungumi keke fiye da kowane lokaci tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1973 kaɗai an sayar da kekuna kusan miliyan 15, fiye da adadin sababbin motocin da aka sayar a shekarar. A watan Oktoba na shekarar kuma ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka ƙaƙaba wa Amurka takunkumi, layuka suka cika gidajen mai, mutane suka fara kallon keke da wani ido daban.

Abin da mai keke ke nema a hanya

Babban nauyin binciken hanyar ya faɗa wuyan Lys Burden. Matsalar da ke gabanta ta lissafi ce. Mai keke ɗauke da kaya yakan yi kilomita 80 zuwa 100 a yini. Yana buƙatar ruwa sau da dama kafin rana ta faɗi, da abinci mai yawa, da wurin kwana. Ba ya son hanyar da manyan motoci ke gudu a kanta, amma kuma ba zai iya bin dajin da babu kowa ba. Abin da yake nema shi ne kwalta mai kyau, motoci kaɗan, da gari ko ƙauye a kowane zango.

Irin wannan hanya ba ta samuwa inda tattalin arziki ke bunƙasa, domin can motoci sun cika. Ba ta samuwa inda ba a taɓa yin arziki ba, domin can ba a shimfiɗa kwalta ba. Tana samuwa ne inda aka taɓa yin arziki ya wuce. Dokar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956, wadda ta kafa manyan tagwayen hanyoyin da suka haɗa jihohi, ta ƙara taimakawa: ta janye dogayen motoci da matafiya masu sauri daga tsofaffin hanyoyi, ta bar su ga mazauna yankin da shanunsu.

Yadda ake samun zinariya ma ya tsara wuraren da garuruwan suka zauna. Zinariya ta fi ruwa nauyi kusan sau 19. Idan ruwa ya zaizaye dutsen da take ciki, sai ta gangaro ta kwanta a cikin tsakuwar ƙorama, a gindin kwari. Masu haƙar farko ba sa buƙatar komai sai shebur da kwano da kwararon katako na wanke yashi, saboda haka duk ƙoramar da aka ji ƙishin-ƙishin an sami zinariya a cikinta, cikin 'yan makonni sai ta zama gari. Kekunan dawaki masu kawo gari da gishiri da kayan aiki suna bin gefen ruwa, inda hawa ya fi sauƙi, su haye tsauni ta mashigi mafi ƙasa, su gangara kwari na gaba. Bayan shekara 100, wannan sawun ne ƙafar mai keke ta fi iya ɗauka.

Ƙasar da aka haƙa tana da masu ita

Mai tasowa daga yamma yakan fara cin karo da wannan tarihi a gabashin Oregon. A 1862 aka sami zinariya a Canyon City, dab da garin John Day da hanyar ta ratsa. A John Day har yau akwai wani ɗan ginin dutse mai suna Kam Wah Chung, wanda ya kasance shago da ɗakin magani da mahaɗar 'yan ƙasar Sin masu haƙa. Mutum biyu suka riƙe shi shekaru da dama, Ing Hay mai maganin gargajiya da Lung On ɗan kasuwa. 'Yan Sin sukan sayi ramukan da Turawa suka yi watsi da su, su sake wanke tsakuwar da haƙuri su fitar da abin da ya rage. A ƙidayar 1870 sun kai fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen yankin Idaho. A 1882 kuma aka kafa dokar da ta hana ma'aikata 'yan Sin shiga Amurka, unguwanninsu suka yi ta raguwa har suka ƙare.

A Idaho hanyar ta shiga ƙasar al'ummar Nez Perce, 'yan asalin yankin. Yarjejeniyar 1855 ta amince musu da ƙasa mai faɗi. A 1860 aka gano zinariya a cikinta, masu haƙa suka kwararo ba tare da izini ba, gwamnati kuwa maimakon ta kore su sai ta kawo sabuwar yarjejeniya a 1863 wadda ta ƙwace kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar. Wasu sassan al'ummar suka ƙi sa hannu. A 1877 da aka nemi tilasta musu komawa ɗan yankin da aka keɓe, yaƙi ya ɓarke a White Bird ranar 17 ga Yuni. Kimanin mutum 800, maza da mata da yara da tsofaffi, suka haye tsaunuka ta mashigin Lolo suna neman mafaka. Da asubahin 9 ga Agusta sojojin Kanar John Gibbon suka far wa sansaninsu a kwarin Big Hole suna barci, aka kashe mutane da dama, da yawansu mata da yara.

Hanyar masu keke ta bi ta White Bird, ta haye Lolo, ta gangara kwarin Bitterroot, ta wuce ta bakin filin dagar Big Hole. Mai mota yakan gama wannan tazara a yini ɗaya. Mai keke yakan kwashe kwanaki da dama a kanta, cinyoyinsa na gaya masa abin da hawan ke nufi ga wanda ya yi shi da ƙafa, da goyo, da sojoji a bayansa.

Birnin da ya riƙe sarauta shekara 10

Daga Big Hole hanyar ta wuce 'yan kilomitoci kaɗan daga Bannack, inda aka sami zinariya a ƙoramar Grasshopper a 1862. Bannack ce hedikwatar farko ta yankin Montana a 1864. A nan ne, ranar 10 ga Janairu na shekarar, 'yan sintirin da mazauna suka kafa da kansu suka rataye shugaban 'yan dokar garin, Henry Plummer, bisa zargin shi ne uban gayyar 'yan fashin da ke tare masu ɗauke da zinariya. Ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma har yau masana tarihi na jayayya a kan ko zargin gaskiya ne. Bannack a yanzu kufai ce: gidaje fiye da 50 na katako tsaye, babu mazauna, jihar Montana na kula da su.

Abin da ya fara zubar da Bannack yana kan hanyar, gaba kaɗan. Ranar 26 ga Mayu 1863 wasu masu yawon neman sa'a, cikinsu har da Bill Fairweather da Henry Edgar, suka yada zango a wata ƙorama mai yawan itatuwa, suka wanke yashi suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Wurin ya zama Alder Gulch. Kafin shekara ta zagayo kimanin mutum 10,000 sun cika kwarin, garuruwa suka jeru a bakin ruwan, babbansu Virginia City. A 1865 aka mayar da hedikwata can. Amma zinariyar da ake samu da shebur ba ta daɗewa. Tun a 1864 aka sami wata a inda birnin Helena yake a yau, jama'a suka bi ta, kuma a 1875 hedikwatar ma ta bi su. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Bayan masu shebur sai masu jari. Daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa farkon shekarun 1920, kamfanoni suka kawo jiragen yasa: manyan injuna masu iyo a tafkin da suke haƙa wa kansu, suna kwasar ƙasar kwarin da jerin bokitan ƙarfe, su tace zinariyar a ciki, su amayar da tsakuwar ta baya. Tsakanin ƙauyen Alder da Nevada City, mai keke yakan yi tafiya mai nisa a gefen tulin tsakuwar nan, kwari guda da aka juye cikinsa waje.

Talauci ne ya adana Virginia City. Ba wanda ke da kuɗin rushe tsofaffin shagunan ya gina sababbi, busasshiyar iskar tsauni kuma ba ta saurin ruɓar da katako. A shekarun 1940 wasu ma'aurata, Charles da Sue Bovey, suka fara sayen gine-ginen ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, har da kayan da aka bari a kan kantoci. A 1997 jihar Montana ta sayi abin da suka tara. Mazauna garin a yau kusan 200 ne, kuma abincinsu na zuwa ne daga baƙin da ke wucewa a watannin zafi.

Bazarar 1976

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin bikin ya zo an buga taswirori da littattafan jagora, an horar da ɗaruruwan madugai, an kuma roƙi makarantu da majami'u da zaurukan taro na ƙananan garuruwa su buɗe ƙofa ga baƙin da za su shimfiɗa bargo a ƙasa. Greg da June sun dawo daga Ajantina sun shiga aikin. Daga watan Mayu zuwa Satumba, kimanin mutum 4,100 suka hau hanyar, kusan 2,000 daga cikinsu suka gama ta daga teku zuwa teku. Yawanci ayari-ayari suke tafiya, mutum 10 zuwa 12 da madugu ɗaya, suna ɗaukar kusan kwana 80.

Ga garuruwan da suka saba ganin baƙo jefi-jefi, abin ya zo da mamaki. A ƙauyen Afton na jihar Virginia, a tsakiyar wani hawa mai wuya, wata mata mai suna June Curry da mahaifinta suka fara ba masu wucewa ruwa, daga nan sai biskit, daga nan sai wurin kwana. Ta ci gaba da haka fiye da shekara 30, dubban mahaya suka kwana a gidan da ta keɓe musu, har ta rasu a 2012. Bikin da aka shirya don bazara ɗaya bai ƙare ba. Ƙungiyar ta zauna a Missoula, a 1993 ta sauya suna zuwa Adventure Cycling Association, kuma hanyoyin da ta zana wa masu keke a faɗin ƙasar sun haura kilomita 80,000.

Garin da ya mutu a idon masu keke

Ba duk garuruwan ma'adinai ne mahayan 1976 suka tarar a kwance ba. A tsakiyar jihar Wyoming, tsakanin Lander da Rawlins, akwai tazarar kusan kilomita 200 ta fili fetal, babu inuwa, iska na kaɗawa kamar za ta tuge mutum daga kan sirdi. Kusan a tsakiyarta Jeffrey City take. Asalinta gidan waya ne da 'yan gidaje. A 1957 aka raɗa mata sunan wani likita na Rawlins, Dokta C. W. Jeffrey, wanda ya zuba kuɗi a kamfanin Western Nuclear mai haƙar yuraniyom a yankin. Takunkumin mai na 1973, wanda ya tura mutane kan keke, shi ne kuma ya sa ƙasashe suka ƙara raja'a ga wutar nukiliya, farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabo har ya haura dala 40 kowace laba. Mahayan farko sun ratsa gari ne mai cike da leburori da motocin ɗaukar ƙasa. Zuwa 1979 mazaunansa sun kai kusan 4,500, da shaguna da makaranta da katafaren ɗakin wasanni sabo fil.

Ranar 28 ga Maris 1979 aka yi haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania. Dama buƙatar sababbin tashoshi ta fara ja da baya, haɗarin ya ƙarasa ta. Farashin yuraniyom ya zube zuwa kusan rabi cikin 'yan shekaru. Wannan faɗuwar ce ta girgiza Jamhuriyar Nijar a farkon shekarun 1980, lokacin da yuraniyom na Arlit da Akokan ke kawo mafi yawan kuɗin da ƙasar ke samu daga waje. A Jeffrey City aka sallami ma'aikata, kuma cikin shekara uku kusan kashi 95 cikin 100 na mazauna suka tafi, wasu ma da gidajensu a kan tirela. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 58.

Abin da ya ɗauki Virginia City shekaru da dama ya faru a nan cikin ƙiftawar ido, kuma kowace bazara masu keke na wucewa suna ganinsa: tituna masu fitilu da ciyawa ta cinye, dogayen gidajen ma'aikata da aka toshe tagoginsu da katako. Mai mota ba ya tsayawa. Mai keke ba shi da zaɓi, domin ruwa na gaba yana da nisa. Majami'ar garin takan buɗe musu ƙofa su kwana.

Daga tudun Colorado zuwa kwalin Kentucky

A Colorado hanyar ta kai ƙololuwarta, mashigin Hoosier, sama da mita 3,500 daga doron teku, inda kowane numfashi ke kawo kusan kashi biyu cikin uku na iskar da mutum ke shaƙa a bakin teku. A gindin hawan, ta arewa, akwai Breckenridge. Ta kudu kuma akwai Alma da Fairplay. Breckenridge da Fairplay duk a 1859 aka kafa su, a rububin zinariyar Colorado. Yankin ya sha bugu biyu daga hannun gwamnati: a 1893 aka soke dokar da ta wajabta wa baitulmali sayen azurfa, ramukan azurfa suka rufe, sannan a 1942 aka ba da umarnin dakatar da haƙar zinariya domin a mayar da ma'aikata da injuna ga ƙarafan da yaƙi ke buƙata. Zuwa 1960 Breckenridge ba ta kai mutum 400 ba.

A watan Disamba 1961 aka buɗe filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsaunin da ke kanta, garin ya sake tashi. A yau matsalarsa ta juye: masu kuɗi daga nesa sun saye gidaje, ma'aikatan otal da na shaguna kuwa da yawansu ba sa iya biyan haya a garin da suke yi wa hidima. Motoci sun dawo, kuma wannan yanki na cikin wuraren da mai keke ya fi fama da cunkoso.

Daga Pueblo, wadda ke kusan tsakiyar tafiyar, hanyar ta miƙe ta filayen alkama na Kansas, ta shiga tuddan Missouri inda aka daɗe ana haƙar dalma, ta ƙetare kogin Mississippi da na Ohio, ta isa gabashin Kentucky. Mahaya da yawa sun shaida cewa hawan nan ya fi na yamma wahala, ko da yake tsaunukan ba su kai rabin tsayin na Colorado ba, domin hanyoyin gajeru ne masu tsananin miƙewa. A nan kwal ne sarki. Jirgin ƙasa ya isa garin Hazard a 1912, kamfanoni suka gina garuruwa sukutum a cikin matsattsun kwaruruka. A 1976 kasuwar kwal na ci, saboda tsadar mai, kuma abin da mahayan farko suka fi tsoro shi ne motocin kwal a kan kwanar da ba ta da kafaɗa. Daga 2011 zuwa 2016 ayyukan haƙar kwal a gabashin jihar sun ragu da fiye da rabi. Motocin sun yi ƙaranci, hanyar ta yi sauƙin bi, shagunan da mai keke ke sa ran sayen abinci a cikinsu kuma suna ta rufewa.

Abin da keke ke iya biya

Ƙananan garuruwa sun lura da wani abu game da baƙon da ke tafe a kan keke. Mai mota na iya ƙetare jiha guda bai kashe ko sisi ba sai a gidan mai. Mai keke kuwa yana cin abinci sau huɗu ko biyar a yini, yana kwana a kowane zango, kuma duk abin da zai saya sai a inda dare ya same shi. Shi ya sa mutanen Twin Bridges a Montana, a kan hanyar zuwa Virginia City, suka gina wa masu keke masauki a bakin kogi a 2009. A Farmington ta Missouri, a yankin dalma, an mayar da tsohon gidan yarin gunduma ɗakin kwanan mahaya.

Sai dai ma'aunin bai yi kusa da daidaita ba. Ramin haƙa yana biyan ɗaruruwan iyalai albashi wata 12 a shekara. Masu keke suna zuwa ne wata huɗu ko biyar, 'yan ƙalilan a yini. Kuɗinsu na iya riƙe kantin abinci ɗaya ko shago ɗaya, amma ba ya cika aji da ɗalibai, ba ya dawo da likita. Akwai kuma saɓani tsakanin abin da baƙo ke so da abin da mai gida ke so. Shirun da mai keke ya ƙetaro teku domin ya ji, ga mazaunin Jeffrey City shi ne ƙarar motocin da suka daina zuwa.

A 2026 hanyar ke cika shekara 50. A farkon 2024 farashin yuraniyom ya haura dala 100 kowace laba, karo na farko tun 2007, kuma kamfanoni sun sake waiwayar filayen Wyoming. Idan ramukan yankin suka sake buɗewa, fitilun titunan Jeffrey City na iya kamawa, manyan motoci su dawo kan kwaltar da ke tsakanin Lander da Rawlins. A ranar, masu zana taswira a Missoula za su zauna su duba ko akwai wani kwarin da arziki ya riga ya bari.